Mashigin Gulbi Ranar Kasuwar Dutsin-Ma

A daminar shekarar 1963, duk mai zama tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ya san ƙararrawar keken Malam Mahmuda. Shi ne malamin allurar shanu na yankin, siririn mutum mai ɗan saje, bai kai arba'in ba. Aikinsa yawo ne: yau yana Dabawa, gobe Rawayau, jibi ya zagayo ta Kurfi ya sauko gida, akwatin allura ɗaure a bayan keke. Ya san hanyar mota, ya san burtalin shanu, ya san 'yan siraran hanyoyin da ke ratsa gonaki. Ya san inda yashi ke riƙe taya da inda ƙaya ke jiran mutum.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma, bayan azahar, ya tsaya wajen Audi mai gyaran keke don a yi masa faci. Audi na goga roba yana surutu kamar yadda ya saba.

"Yau mutanen Unguwar Gawo ba su daɗe a kasuwa ba," in ji shi. "Tun hantsi suka kwashe. Wai shanu sun kwana cikin dawar wani mutuminsu, Rabo, shekaranjiya, sun mai da ita tabarma."

"Assha. Shanun wa?"

"Sun ce na Yero ne, Bafulatanin nan da ya kafa ruga bayan garinsu. Na ji ƙanen Rabo na rantsuwa da an yi la'asar za su je su cinna wa rugar wuta. Mai unguwarsu kuma ya tafi Kurfi, babu mai tsawata masu."

Mahmuda ya miƙe tsaye. Shekaranjiya shanun Yero suna Dabawa, a shingen allura. Shi da hannunsa ya yi masu, ya tsaga kunnen kowace don shaida, ya kuma hana a kore su sai da suka kwana biyu. Da safiyar nan aka sallame su. Ya kuma san Yero: mutum ne mai shiru, amma ba ya ja da baya, kuma yana da takobi.

"Malam Audi, haɗa mini tayar nan haka nan."

"Facin bai kama ba tukuna."

"Haɗa dai."

Ya sauke akwatin allura ya bar wa Audi ajiya, ya ɗaga kai ya dubi rana. Idan ya bi hanyar mota ya zagaya ta Kurfi, sai magariba zai isa. Idan ya yanke ta kwarin gulbi, zai iya riskar la'asar. Sai dai tun safe gabas ta yi baƙi, kuma ya san ruwan da aka yi a can sama nan yake gangarowa.

Ya hau, ya ratsa masu jakai da masu tallar goro yana kaɗa ƙararrawa, ya bar duwatsun garin a bayansa. Hanyar ta shige cikin gero da ya fi shi tsawo, ganye na marin fuskarsa, ba ya ganin abin da ke gabansa sai taku goma. Ya wuce tsohuwar rijiya, ya wuce kukar da ake sauke kaya a gindinta. A gangaren marmara bai taɓa birki ba. Inda yashi ya yi yawa ya dira ya tura da gudu, ya sake hayewa. Can sai ya ji bayan keken na lilo. Facin ya fara saki. Ya tsaya ya buga iska da famfo, ya ci gaba. Sau uku yana yin haka kafin ya kai kwari.

Tun bai ga gulbin ba ya ji rurinsa. Mashigin da ya saba ƙetarewa ruwa iya ƙauri, yau ya cika ya batse, jajawur, yana tafe da karan dawa da rassan itace. Wata tsohuwa na zaune a bakin gaɓa da ƙwaryar nono, tana jiran ya janye.

"Malam, kada ka shiga," ta ce. "Yanzun nan ya wuce da akuya."

"Inna, in na jira, wani abu zai faru wanda ya fi wannan."

Mahmuda bai iya iyo ba. Ya tuɓe takalmansa ya ɗaure a sirdi, ya yi bisimilla, ya ɗaga keken ya aza a ka. Ruwan ya kama shi a gwiwa, sannan a ƙugu. Yashin ƙasa na zamewa ƙarƙashin tafinsa kamar ana janye shi da gangan. Da ya kai tsakiya ruwa ya iso ƙirjinsa, ya daina jin muryar tsohuwar. Ya kafa ido a kan wata bishiyar giyayya da ke tsallake, yana jan ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Bai ga reshen ba sai da ya doke shi a haƙarƙari. Ya tangaɗa, keken ya karkace, tayar baya ta taɓa ruwa, nan take gulbi ya fizge ta. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, keken na jansa, ruwa ya rufe masa fuska ya shaƙa. Shekara shida yana hawan keken nan. Ya sake shi.

Da ya ɗago, saiwar giyayyar na kusa. Ya kai hannu ya kuskure, ya sake kaiwa ya cafke. Ya ja jikinsa ya hau gaɓa yana tari, yana amayar da jan ruwa. Bai waiwaya ba. Babu takalmi, babu hula, ya kama gudu ta cikin gonakin gyaɗa, dafe da haƙarƙari.

Yana hawa tudu ya ji kiran la'asar daga Unguwar Gawo. Ya bar hanyar gari ya miƙe rugar kai tsaye.

Ya tarar mutanen ba su jira salla ba. Sun kai ashirin, da sanduna da gatura, biyu na riƙe da baka. Ummaru, ƙanen Rabo, yana gaba da damin ciyawa mai cin wuta. Matan rugar sun gudu daji da yara. Yero kaɗai ke tsaye gaban bukkokinsa, ya zare takobi rabi, shanunsa sun taru a bayansa suna huci.

Mahmuda ya faɗa tsakaninsu. Da farko ba su gane shi ba, don laka ta rufe shi har gira. Wani ya ɗana kibiya.

"Ni ne Mahmuda, mai allura!" Ya ɗaga hannu. "Malam Rabo, dakata. Ba shanunsa ba ne."

Rabo, dattijo mai furfura a gemu, idanunsa sun yi ja. "Kauce, Malam. Abincin gidana na shekara ne ke kwance a ƙasa."

"Na ji, kuma wallahi an cuce ka. Amma yaushe aka yi ɓarnar?"

"Shekaranjiya."

"Shekaranjiya shanun nan na Dabawa cikin shinge. Ni na tsare su. Yau da safe suka dawo."

"Ƙarya ne!" Ummaru ya daka tsawa. "Kullum kana rugage kana shan nono, mi zai hana ka kare su?"

Wutar ta ci ciyawar har ta kusa hannunsa, ya matso taku biyu. Mahmuda ya ji ƙarar takobi na ƙarasa fita daga kube a bayansa. Bai juya ba.

"Yero, mai da shi," ya ce. "Don girman Allah mai da shi." Sannan ya dubi Rabo. "Kada ka yarda da bakina. Zo ka dubi kunnuwansu. Kowace na tsaga mata ranar allura, jinin bai gama bushewa ba. In ka sami guda ɗaya da babu, ni zan ba Ummaru hanya."

Rabo ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa wa na kusa da shi gatarinsa, ya tako a hankali, ya raɓa ta gefen Yero ba tare da sun haɗa ido ba. Ya kama kunnen wata farar saniya ya duba. Ya duba ta biyu, ta uku, har ya kai ta goma. Ya murza ɓawon jinin a yatsunsa.

"Ummaru," ya kira, bai ɗago ba. "Kai ka bi sawun jiya. Ina ya nufa?"

Ummaru ya kau da kai.

"Da kai nake."

"Burtali ya bi, Yaya. Ya yi yamma."

"Ba nan ya zo ba?"

"Na ɗauka zagayowa suka yi."

Rabo ya fizge damin daga hannun Ummaru ya jefar a ƙasa, ya tattake da ƙafa har ya mutu. Bai ba kowa haƙuri ba. Ya ce wa mutanensa lokacin salla na wucewa, suka juya ɗaya bayan ɗaya, wasu na gunaguni.

Sai da na ƙarshensu ya ɓace cikin gero sannan Mahmuda ya zauna daɓas. A lokacin ya ga tafin ƙafarsa duk ƙaya ne da jini. Yero ya mai da takobi, ya tsuguna gabansa, ya ɗauki ƙafar ya aza a cinyarsa ya fara cire ƙayar da tsinke.

"Malam, da ƙafa ka zo daga Dutsin-Ma?"

"Gulbi ya karɓi keken."

Yero ya girgiza kai, ya ci gaba da aikinsa.

Mahmuda ya kwana huɗu a rugar, don haƙarƙarinsa biyu sun tsage. Da mai unguwa ya dawo aka bi sawun, aka gano wani garke ne mai wucewa, ya riga ya yi nisa. Yero bai ƙarasa damina a wurin ba. Ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tashi ya koma wajen danginsa kusa da Rawayau. A can Mahmuda ya riƙa samunsa duk zagaye, a kan jakin aro har zuwa kaka, kafin ya sami wani keken.