Ƙofar da Ta Kalli Titi

"To, wa ya ce ka fasa bango?" in ji Juwairiyya.

"Anti, ai ƙyauren da na kawo ne ya fi gurbin faɗi," in ji Bilya kafinta, yana sakace haƙori da ƙusa. "A lungun can ba ya shiga. Sai na toshe tsohuwar ƙofar, na buɗe sabuwa a tsakiya. Iska ma za ta riƙa ratsawa. Haka ake yayi yanzu a Abuja."

Juwairiyya ta ja da baya har bakin titi, ta dubi gidansu. Ƙofar waje da ta cikin zaure sun daidaita ɗoɗar, kamar bakin bindiga. Daga inda take tsaye tana hango randa, da turmi, da zannuwan da ke kan igiya. Tana hango Inna ma, wadda ke cikin takabar Baba, ta takure a gindin bango tana jan mayafi.

Aikin da aka ba kafintan bai taka kara ya karya ba. Gara ce ta cinye ƙyauren ciki, aka ce a sauya shi. Da safe ta tafi makarantar da take koyarwa, ta bar aikin a hannun Jamil, saurayinta, wanda ya rantse mata cewa duk Sabon Gari babu mai hannun abokinsa Bilya. Wai kafinta ne, magini ne, mai gyaran wuta ne, har famfo yana taɓawa.

"Abuja," ta maimaita a hankali. "Kai da ko gadar Wudil ba ka cika ƙetarewa ba. A gidan da aka haife ka babu zaure ne? Ba ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa ake kautar da ƙofar ciki ba?"

"Ai sai a riƙa rufewa."

Ya tura ƙyauren da ƙafa, yana murmushin gwaninta. Ƙyauren ya rufe, ya yi jim kamar mai tunani, sannan ya yi ƙara ya buɗe da kansa, wangalau. Ɗanyen katako ne, ga shi an kafa shi a karkace. Wani mai babur da ke wucewa ya rage gudu, ya leƙa.

Jamil ya taso daga dakali yana karkaɗe shaddarsa. "Haba gimbiyata, ki sassauta murya mana. Bilya fa mutumina ne, kada ki kunyata shi a gaban jama'a. Labule kawai za a saka."

Ta juyo ta dube shi, tun daga hularsa har takalminsa mai sheƙi. Wannan ne mutumin da ya sha zama a zauren nan yana ce mata zai zame mata garkuwa, zai zame mata inuwa ranar da babu inuwa. Yana zaune aka sa guduma a bangon ubanta, yana latsa waya.

"Kunyar Bilya ce ta dame ka, Malam Jamil?" ta ce. "Gobe Juma'a. Duk wanda zai tafi kasuwa ta nan zai bi, da masu shanu da 'yan lodi. Uwata za ta yi alwala suna kallo, ko a ɗaki kake so ta kulle kanta har ta fita takaba?"

"Bayan kasuwa sai in zo in duba," Bilya ya sa baki. "Ƙaramin aiki ne."

"Ka duba? Wanda ka duba yau ma ya ishe mu. Allah Ya raba mu da gwanintarka."

Ta shiga zauren, ta tattaro zarto da guduma da kwanon ƙusoshinsa, ta zube su a waje. Ta ciro kwaɗo daga bayan ƙyauren waje, ta riƙe shi a hannu, idanunta cike da hawaye amma ba ta bari sun zubo ba.

"Ku saurara, ku duka biyun," ta ce. "Zauren nan na rufe shi daga yau. Ba ma'aikaci, ba baƙo, ba zance, har sai Inna ta fita takaba."