Ɗigo Biyu a Cikin Kili

Aikina a safiyar nan riƙe wutsiya ne. Kili, tsohuwar goɗiyarmu, tana tsaye cikin kejin ƙarfe, na ɗage mata wutsiya gefe, 'yata kuma ta sa safar roba har kafaɗa ta zura hannu ta duburar goɗiyar, riƙe da kan na'urar ɗaukar hoton ciki. Tun tana rarrafe take bina barga, yau ga ta likitar dabbobi. Da tsohon likitanmu ya ajiye aiki, ni na roƙi Maigida, mai dawakin, ya ɗauke ta. Ya ce to, amma gwaji ne, zai ga kamun ludayinta tukuna.

A fuskar na'urar ba na ganin komai sai toka-toka, kamar talabijin ta lalace. Can sai ga baƙin ɗigo biyu gab da juna.

"Wannan na sama ƙullutun ruwa ne, ya daɗe a wurin," in ji ta. "Na ƙasan nan kuwa ina zaton ɗan tayi ne."

Maigida ya sunkuyo, ya gyara tabarau. "Kina zato. Bara ma haka aka yi mana zato. Muka zauna muna lissafin duƙushi, ashe ruwa muke reno. Tsohuwar goɗiya ce, ƙullutu ɗaya ya zama biyu, ina abin mamaki? A yi mata allura ta koma neman namiji."

Yana da hujjarsa. Ingarman da ya hau Kili na aro ne, ƙarshen mako masu shi za su zo su ɗauke abinsu. Allurar kuma tana ɗaukar 'yan kwanaki kafin goɗiya ta yarda da namiji. In ba a yi yau ba, kuma ya zama babu ciki, shekarar ta tafi a banza, ga Kili ba yarinya ba.

"Ranka ya daɗe, in da ciki, allurar nan za ta zubar da shi," ta ce. "A ba ni zuwa yamma. Ƙullutu ba ya barin inda yake. Ɗan tayi ba ya zama wuri ɗaya."

"Sarkin barga," ya ce da ni, don haka yake kirana, "'yar taka ta fara yi mini aiki ko ni na fara yi mata?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ya ba ta zuwa yamma, ya juya ya tafi ofis.

A bakin famfo na same ta tana wanke hannu. Na rage murya. "Ke, ki bi duniya a sannu. Mai doki ya ce a yi wa dokinsa allura, ina ruwanki? In kika yi kuskure a kan wannan, ba zai sake sauraronki ba."

"Baba, in na yi allurar don tsoro, me ya ɗauke ni in yi masa?"

Sai na tambaye ta wane irin ɗa ne wannan da ke yawo tun bai kai kan babban yatsa ba.

Ta goge hannu ta zauna kan buhun dusa. Ta ce mahaifar goɗiya reshe biyu gare ta, dama da hagu, kuma jikin uwar ba ya jiran kowa. In aka yi wajen mako biyu da hawan ingarma bai ji ɗuriyar baƙo ba, bangon mahaifa sai ya saki wani sinadari da ke naɗe shimfiɗa, a sake sabon lale. Allurar da Maigida ke so, irin wannan sinadarin ne a kwalba. Don haka dole ɗan tayin ya zagaya ko'ina, ya shiga dama, ya fito ya shiga hagu, ya sake komawa, yana shafar bango yana sanar da zuwansa. In aka tsare shi a lungu ɗaya, sauran wuraren da bai leƙa ba sai su ɗauka babu kowa, su kore shi.

"Me yake gaya mata?"

"Shi ne har yau masana ba su gama ganowa ba. Na saniya an sani, na tunkiya an sani. Na doki ana nan ana nema."

"To ba ƙafa, ba hannu, da me yake tafiya?"

"Shi ma yana da nasa sinadarin. Ya zunguri mahaifar, ta motsa, ta tura shi gaba."

"Wato uwar ce ke ɗaukarsa ya je ya gaishe ta."

Ta yi dariya. Ni kuwa na tsaya ina kallonta. Na tsufa a ƙarƙashin dawaki, na karɓi haihuwar da ban san adadinta ba, ban taɓa sanin ana wannan zance a cikinsu ba. Yarinyar da na koya wa riƙe ragama ce ke gaya mini, a kan buhun dusa, kamar labarin maƙwabta.

Da rana ta take aka sake dubawa. Ɗigo biyu suna nan inda aka bar su. Maigida ya juya, yana kaiwa ƙofa ya waiwayo.

"Ɗan yawon naku dai ya samu inuwa."

'Yata ta ce wani lokaci yana ɗan dakatawa. Amma na ga ta cire safar ta rasa inda za ta jefa ta, alhali ga kwandon shara a gabanta.

Da ta shiga ɗakin gwaji, na kwance Kili na fita da ita fili. Muka yi ta zagaye, har na ɗan sa ta sassarfa. Ni da gwiwar da ke ciwo, ina gudu gefenta ina haki ina cewa, "Haba Kili, ki motsa shi mana."

"Baba, me kake yi?" Tana tsaye jikin shinge.

"Tana shan iska."

"Ba kwalbar magani ba ce da za ka girgiza. Mai da ita inuwa kafin ku faɗi ku biyu."

Na mai da ita. Na share bargar da na riga na share, na cika kwamin ruwan da ke cike.

Da yamma Maigida ya zo da kwalbar allurar a hannunsa, ya ajiye ta kan tebur kusa da na'urar. Na kama wutsiya. Toka-tokar nan ta bayyana, sai ga baƙin ɗigo. Guda ɗaya. Ta juya hannu, ta sake juyawa, ɗaya dai. Na ce a raina shi ke nan, gudun da na sa Kili ne ya zubar da shi.

"Ina na biyun?" in ji Maigida.

Ta karkata kafaɗa, idonta a kan na'urar, tana bin reshen hagu a hankali. Kili ta yi ajiyar zuciya ta sauya ƙafa. Can kusa da ƙarshen reshen ya fito, baƙi wuluk, kewayayye kamar an zana shi da bakin kwalba.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Ya tsallaka."

Maigida ya daɗe yana kallo. Ya sa ta koma dama ya ga ƙullutun shi kaɗai, ta sake dawowa hagu.

"Tun daga can?"

"Gobe ma ba lalle a same shi a nan ba. Sai nan da 'yan kwanaki zai zaɓi wuri ya zauna. Kuma ban ce mun tsira ba, sai mun ga bugun zuciya."

"Ke dai ba ki iya barin mutum ya yi murna ba." Ya ɗauki kwalbar ya juya ta a hannu. Sai ya laluba aljihu ya ciro makullin ɗakin magani, wanda bai bar jikinsa ba tun tafiyar tsohon likita, ya miƙa mata. "Ki mai da wannan wurinta. Gobe ki duba mini sauran goɗiyoyin, da sassafe."

Ta dubi makullin, ta dubi hannunta da ke cikin safa, duk kashin doki har gwiwar hannu.

"Baba, karɓar mini."

Na goge tafina a jikin riga sau biyu, na miƙa hannu.