Winci Mai Tsada da Safayar Aro

Wanda ya fara fitar da mota daga laka da ƙarfin kansa a gidan su Likita shi ne mahaifinsa, marigayi Malamin Dabbobi, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, a daminar da ruwa ya tafi da tsohuwar gada. Motarsa ta kafe a fadama, babu itace kusa, babu dutse, babu mahaluki. Ya sauke safayar taya, ya haƙa rami da shebur har ƙugunsa, ya ɗaura mata igiyar ƙarfe, ya binne ta, ya tattake ƙasar. Sannan ya kama wincinsa na hannu, wato na'urar nan mai naɗe igiya ta jawo mota, ya yi ta murɗawa har motar ta fito. Tun daga ranar aka kafa doka a gidan, ba a rubuce take ba amma kowa ya haddace ta: motar gidan nan ba a jan ta. Tana iya kafewa, domin hanyar gona ba ta san darajar kowa ba, amma ita ce za ta fitar da kanta.

Likita ya gaji sana'ar duba dabbobi, ya gaji wincin, ya kuma gaji dokar. Shekara goma sha tara yana riƙe da ita babu tabo. Mutum ɗaya ne a duniya yake jiran ganin ranar da za ta karye, shi ne ƙanin matarsa, wanda ake kira Mai Bohol saboda sana'arsa ta haƙa rijiyar burtsatse. Sau huɗu Likita yana fitar da a-kori-kurarsa daga taɓo, kuma sau huɗun nan babu wanda bai ba da labarinsa a gaban baƙi ba, har da kwaikwayon yadda Mai Bohol yake ɗaga hannu yana neman agaji.

“Yaya, ka ci gaba da dariya,” in ji Mai Bohol. “Rana ɗaya tak nake roƙo. Ranar da na ja ka, hoton sai na sa shi a firam, na rataye a falon Yayata.”

A farkon daminar bana haƙoran tsohon wincin suka gama cinyewa. Likita ya shafe shi da mai, ya ajiye shi a kan kanta da girmamawa, ya nufi shagon kayan mota. Mai shago ya dire masa kwali biyu a kan teburi.

“Likita, ga su nan. Wannan ƙaramin mai araha ne, igiyarsa ta ƙarfe ce. Yana ja, sai dai in ya ɗauki zafi dole ka bar shi ya huta. Wannan kuwa,” ya shafa babban kwalin kamar mai shafa doki, “ruwa ba ya shigarsa, ba ya gajiya, ga rimot. Kana tsaye can gefe da farar rigarka kana dannawa. Kuɗinsa ya ninka na wancan sau uku.”

Likita mutum ne mai auna abu. Ya san bai fi sau biyu yake kafewa a damina ba, ya kuma san mahaifinsa ya yi suna da wincin da ko batir ba ya nema. Har ya ɗora hannu a kan ƙaramin kwalin. Sai mai shago ya ce, da kyakkyawar niyya:

“Ka yi zaɓi mai kyau. Irinsa ƙanin matarka ya saya makon jiya.”

Likita ya janye hannunsa a hankali, kamar wanda ya taɓa murfin tukunya.

“Ɗauko mini babban,” in ji shi.

Kwana biyu motar ta yi a gareji. Mai walda ya ƙarfafa bamba, aka ɗaura wincin a gaba yana ƙyalli. Sai bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu, ya ce wannan na'ura cin wuta gare ta, batir ɗaya ba zai riƙe ta ba, sai an ƙara na biyu. A gaba babu wuri. A baya kuwa ga akwatin sanyi na allurai, ga jakar kayan aiki, ga igiyoyin ɗaure shanu. Wuri ɗaya ne ya rage, inda safaya take kwance da shebur a gefenta. Nan aka girke batir na biyu.

Da ya dawo gida, matarsa, wadda duk unguwa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, ta tarar da shi yana mirgina safayar zuwa bayan ɗakin ajiya, sheburin a kafaɗa.

“Baban yara, ina za ka kai waɗannan?”

“Sun yi ritaya.”

“Tayar da Baba ya binne fa? Labarin da na ji sau ɗari tun ina amarya?”

“Malama, Baba ya tona ƙasa ne domin zamaninsa bai ba shi rimot ba. Mai irin wannan winci ba ya tona ƙasa.”

Ta dube shi, ta dubi tayar, ta ce, “To, Allah ya tsare hanya,” da irin muryar da take yi wa ɗalibin da ya ce ya bar littafinsa a gida.

Bayan kwana tara, da hantsi, aka kira shi daga wata gona mai nisa: saniya tana naƙuda tun safe, ɗan ya ƙi fitowa. An kwana ana ruwa. Likita ya bi hanyar da ya saba, ya wuce kwalbati, ya shiga wani kwari da bai fi tafiyar minti goma da gonar ba. Nan motar ta yi wani nishi, ta zauna a laka har cikinta.

Bai damu ba. Gaskiya ma, daɗi ya ji. Ya fito, ya naɗe ƙafar wando, ya jawo ƙugiya yana neman inda zai maƙala ta. Sai a lokacin ya lura da abin da mai shago bai faɗa ba, shi ma bai tambaya ba: winci, komai tsadarsa, sai da abin da zai kama. Kwarin nan ciyawa ce zalla. Itace ɗaya ne a wurin, wani ɗan dashe da bai fi kaurin damtse ba. Likita ya ɗaura masa igiya, ya koma gefe, ya gyara tsayuwa, ya danna rimot. Wincin ya yi aikinsa babu gardama. Motar ba ta motsa ba, amma itacen ya taho da saiwarsa da ƙasarsa, ya zo ya jingina da bamba kamar mai gaisuwa.

Ya kira mai gona ya ce a riƙe saniyar tsaye, yana nan tafe, wata 'yar matsala ce. Abin da bai sani ba shi ne, a wannan gonar Mai Bohol yake haƙa tun shekaranjiya, kuma yana tsaye kusa da wayar. Ba a yi minti goma sha biyar ba sai ga a-kori-kura ta ɓullo daga gaba, tana hon tun daga nesa.

Mai Bohol ya sauko a natse. Ya zaga motar sau ɗaya, ya duba itacen, ya cire hula ya rungume ta a ƙirji.

“Sannu, Yaya. Dashe ka koma yi?”

“Kai, ba na son shashanci. Saniya tana jira.”

“Ai shi ya sa na taho da gudu. Ga ɗan wincina mai araha, na talakawa. Ka ce ‘ja ni’ kawai. Kalma biyu. Bari in buɗe kyamara.”

Likita ya dubi laka, ya dubi agogo, ya tuna saniyar. Ya kuma tuna shekara arba'in da ɗaya. Sannan ya yi magana da muryar da yake karanta wa masu shanu sakamakon gwaji.

“Ba za ka ja ni ba. Za ka tsaya inda kake, ka ja burkin hannu, in maƙala ƙugiyata a motarka. Wincina ne zai yi aiki. Kai matsayin itace kake.”

“Ni ne itace?”

“Itace ba ya jan kowa. Ko Baba ya sha ɗaurawa a itace, ba a taɓa cewa an ja shi ba.”

Mai Bohol ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya yarda, domin a ganinsa hoton igiya tsakanin motocin biyu ya ishe shi shaida, ba mai tambayar wa ya danna me. Ya ja burki, ya fito ya saita waya. Likita ya danna rimot.

Motar Likita babba ce, ga batir biyu, ga laka ta riƙe ta. A-kori-kura kuwa babu kaya a bayanta, kuma a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa take. Igiya ta miƙe, sai motar Mai Bohol ta fara sulalowa, tayoyinta a kulle, cikin ladabi.

“Yaya, tsaya! Yaya! Saki abin nan!”

Kafin Likita ya gano inda ake tsayarwa, ta riga ta shigo kwarin ta zauna, hancinta yana duban na tasa. Wani tsuntsu ya sauka a kan itacen da aka tumɓuke.

“Biyar ke nan,” in ji Mai Bohol a sanyaye. “Amma wannan kai ka saka ni.”

Likita ya ɗaga kai. Idonsa yana kan bayan a-kori-kura, inda safaya take ɗaure da shebur biyu na masu haƙa. Ya daɗe yana kallonsu. Abin da zai faɗa ya fi “ja ni” tsawo, amma bai kai shi ɗaci ba.

“Ƙanina, ara mini tayarka da shebur.”

“Naka fa?”

“Suna gida.”

“Suna gida! Wayyo Yayata, ina kike!”

Suka zaɓi wuri mai tauri a gaba, ɗan gefe da a-kori-kura. Likita ya tuɓe farar rigarsa ya rataye a madubi. Su biyu suka yi ta haƙa, Mai Bohol yana tsokana cewa ramin Baba har ƙugu ne, kada a rage ko taƙi ɗaya, Likita yana haki yana cewa Baba gajere ne. Suka ɗaura igiya a tayar, suka binne, suka tattake. Wannan karon da ya danna rimot, ƙasa ta riƙe, laka ta saki, motar ta fito tana zubar da taɓo. Ya hau tudu, ya juyo da ita, ya maƙala ƙugiya a bayan a-kori-kura, ya fitar da ita da baya. Sannan ya ɗauki jakarsa ya wuce gona ba riga.

Mai Bohol ya tsaya tono tayarsa. Ta nutse, ta ƙi fitowa da hannu. Ya ɗaura mata ɗan wincinsa mai araha. Wincin ya yi ta kuka kamar akuyar da aka ɗaure a rana, ya huta sau biyu, amma ya fito da ita. Wannan shi ne hoton da ya samu, kuma ya nuna wa Likita shi a gaban mai gona.

“Ka gani? Nawa ma yana ja.”

“Taya ya ja,” in ji Likita, hannunsa har kafaɗa a cikin saniya. “Riƙe mini jelar nan.”

Ga abin da aka samu a wannan rana da abin da aka riƙe. An samu maraƙi, namiji, da ransa, uwarsa ma ta tashi. An samu itace ɗaya, wanda Likita ya kai gida, Malama ta dasa shi a bakin ƙofa, tana nuna wa baƙi shi a matsayin abu na farko da winci mai tsada ya ja. An rasa takalmi ƙafa ɗaya a cikin laka. Mai Bohol ya riƙe tayarsa da sheburansa, ya kuma riƙe haƙƙin cewa da ba don su ba da yanzu ana nan, maganar da Likita bai taɓa amincewa da ita ba kuma bai taɓa musantawa ba. Safayar gida da sheburinta sun dawo daga ritaya, mai walda ya yi musu mazauni a rufin mota. Firam ɗin da Mai Bohol ya saya tun bara yana nan a falon yayarsa, da hoton taya a ciki. Dokar gidan kuwa tana nan yadda marigayi ya bar ta, ta shiga shekara ta arba'in da biyu, ba a ja motar gidan nan ba.