Karsanar Asta

"Takarda ta tafi, Ticha?"

"Ta tafi, Bappa. Ikko da nisa, sai haƙuri."

Yamusa ya faɗi haka bai ɗago kai daga jarida ba, alhali ambulan ɗin takardar na cikin aljihun kwat ɗinsa, sati biyar ke nan. Maƙwabcinsa Bappayo na kwance a tabarma a bakin bukka, ƙirjinsa na ƙugi kamar ana jan turmi a ƙasa. Duk da haka hannuwansa ba su huta ba. Yana ta murza igiya, yana gyara dangwalin da ake ɗaure maruƙa, a garken da rabonsa da kashin shanu shekara huɗu.

Wuse a lokacin ƙauye ce ta Gbagyi, rumbuna da gonakin doya, sai turakun safiyo masu jan fenti da aka fara kafawa tun da gwamnati ta ce nan za ta gina babban birni. Yamusa tsohon malamin firamare ne, kuma shi kaɗai a garin ke karanta jaridar Turanci, wadda mota ke kawowa bayan ta kwana uku a hanya. Shekarar da ciwon huhu ya share shanun Bappayo ya bar masa shida, Yamusa ne ya zaunar da shi ya ce an tilasta wa kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, kuma takarda ba ta ciwon huhu. Bappayo ya sayar wa Maude dillali shidan nan, har da Saye, saniyar da ta fito daga tsatson shanun kakansa. Ya karɓi takarda mai hatimi ta wani kamfanin sabulu.

Garin bai bar Yamusa ya sha ruwa ba. Ko a bakin coci sai wani ya tambaye shi ko an tatsi takardar Bafillace yau. Yana dariya, amma abin na cin sa a rai. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyara wa 'ya'yan mutane kuskure ba ya son a ce shi ya yi ɗaya.

Da damina ta kankama bana, Maude ya zo da labari. Tun da za a tashi mutane, shi zai loda shanunsa kaf ya kai kudu a tsakiyar Agusta. A cikinsu akwai karsana, 'yar Saye.

A ranar Bappayo ya aika a kira Yamusa.

"Ticha, sayar da takardar nan. Karsanar nake so. Yarinyar can ban ba ta komai ba."

Yarinyar can ita ce Asta, 'yarsa ta fari, wadda ke aure a Dutse har da goyo. Bafillace ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yi masa wasa a gaban mutane. Abin da yake yi shi ne ya nuna saniya ya ce taka ce. Bappayo bai taɓa samun yin haka ba.

Yamusa ya cike fom na dillalin hannun jari da ke Ikko, Bappayo ya sa yatsa. Dada matarsa ta kawo musu fura, man shanun da ke hannunta ya taɓa gefen ambulan ya bar tabo. Washegari, Yamusa na shirin hawa mota zuwa gidan waya, sai jarida ta iso. Kamfanin sabulu zai yi gyara: duk mai hannun jari biyu za a ƙara masa ɗaya, muddin ya riƙe har ƙarshen Yuli. Farashi kuma sai hawa yake.

Ya tsaya a bakin hanya da ambulan a hannu har mota ta tashi ta bar shi. Ya ce a ransa sati shida ne kawai, kuma Maude mutum ne mai son riba, zai jira. In kuɗin ya zo ba karsana ɗaya ba, uku za a kora cikin garken nan da rana tsaka, masu dariya su fito su gani. Bai gaya wa Bappayo ba, don ya san amsar da zai samu. Wai shi yana yi wa maƙwabcinsa alheri ne.

Kullum da hantsi yakan zo ya karanta masa farashi.

"Ya ƙara kwabo huɗu, Bappa! Ka ga abin da nake faɗa?"

"To, madalla. Ita karsanar, an ce tana da fari a goshi irin na uwarta."

Ran ɗaya ga Agusta Yamusa ya jefa ambulan a akwatin gidan waya. Bai san takarda kan yi sati uku tana yawo daga tebur zuwa tebur a Ikko ba, ko kuma ya sani ya ƙi tunawa. Ya je wurin Maude ya roƙe shi ya ƙara jira, har da cire hula.

"Ticha, wata biyu na ba ku," in ji Maude. "Na riga na kama mota. Direba ba ya cin alkawari."

Motar ta bi ta gefen rugar ran wata Laraba, ana yayyafi. Bappayo ya sa Dada ta tayar da shi zaune. Ba ya iya hango komai sai katakon bodi da ƙahoni, amma ya kasa kunne ga kukan shanun har ya ɓace wajen rafi.

"Tana ciki," ya ce. Ya koma ya kwanta, ya juya fuska ga zana.

Bai sake tambayar takarda ba. Yamusa ya zo da jarida ya kasa buɗewa. Ran Asabar bayan azahar Bappayo ya cika, Asta na hanya ba ta iso ba. Yamusa ya tsaya can baya da hula a hannu har aka idar da salla, ya bi su maƙabarta, ya zuba ƙasa da hannunsa.

Cak ɗin banki ya iso kwana tara bayan haka. Lissafin Yamusa bai kuskure ko kwabo ba, kuɗin ya isa karsana uku har da canji. Ya same su a tsakar gida, Dada na takaba a kan buzu, Asta na gefe tana ba ɗanta nono.

"Dada, kuɗin Bappa ya zo. Ya yi yawa sosai. Za a iya saya wa Asta..."

"Karsanar gidan wa?" in ji Asta, ba ta dube shi ba. "Shanu ai sun cika kasuwa."

Dada ta daɗe tana kallon aljihun kwat ɗinsa.

"Ticha, man da na shafa wa takardar nan, sati nawa ina ganinsa a aljihunka in ka sunkuya gaishe shi. Na ji nauyinka ban yi magana ba. Shi ma ya gani."

Yamusa ya buɗe baki. Yana da bayani, bayani mai kyau, da ranaku da alƙaluma, amma babu wanda zai yi wa shi. Kunya ta rufe shi. Ya miƙa cak ɗin da hannu biyu.

"Riƙe," in ji Dada. "Kai ka iya riƙo."

Ya fito ta bayan bukka don kada ya haɗu da masu gaisuwa. Hanyar ta bi da shi ta garke. Ciyawa ta rufe ko'ina, sai wuri ɗaya da aka share aka kafa turaku biyu. Dangwalin na miƙe a tsakaninsu, tsohuwar igiya baƙa, da sabon maɗauri guda ɗaya fari tas, ruwan sama na ɗiga daga bakinsa.