Ranar da Ruwa Ya Taɓa Jan Dutse

Tun da safe Bassu ya ji a jikinsa yau ba lafiya. Ƙanƙarar kan duwatsu ta narke, kogi ya cika ya yi jawur, har ya kai dutsen da kakansa ya shafa wa jan fenti. Tsohon ne ya sayo igiyoyin ƙarfe daga wata mahaƙar da aka rufe, ya rataya gada a kan kogin da hannunsa, ya kuma bar doka: kuɗin ƙetarewa, mutum dirhami ɗaya, alfadari dirhami biyu, amma in ruwa ya taɓa jan dutse a ɗaure sarƙa a rufe gadar. Ba a taɓa karya ta ba.

Bassu ya ɗaure sarƙa. Da hantsi sai ga surukinsa a tsallake yana kaɗa rawani. Alamar da suka shirya ke nan: naƙuda ta kama 'yarsa Tuda. Ungozoma kuwa a wannan gefen take.

Ba a jima ba ungozomar, Lalla Hadda, ta iso da ƙullinta, tana dogara sanda.

"Buɗe, Bassu."

"Lalla, dubi dutsen."

"Na gani, ai ban makance ba. Ni na yanke maka cibiya kana ihu kamar ɗan akuya. Ashe har yau ba ka daina ba."

"In igiya ta tsinke, me zan ce wa 'ya'yanki?"

"In ban je ba, me za ka ce wa taka?"

Ya dubi igiyoyin. Duk bazara babansa kan bi su da kitsen rago, shi ma bai taɓa fashi ba. Sun yi baƙi, suna sheƙi. Ya kwance sarƙa, ya tuɓe takalmi, ya shiga gaba.

"Riƙe rigata, Lalla."

Gadar ta yi lilo, katako na kuka, ruwa na feso musu ta tsakanin allunan. A tsakiya wani kututture ya wuce ƙarƙashinsu, ya gogi gadar. Ta girgiza, ta dawo daidai.

"Allah Ya jiƙan kakanka," in ji tsohuwar da suka taka ƙasa. "Kuma ko kwabo ba zan ba ka ba."

Da suka isa gidan su Tuda ta shige wurin mata, aka rufe ƙofa. Bassu ya zauna a bakin zaure, kunne ɗaya ga ɗaki, ɗaya ga kogi. Ruwa na ta ƙaruwa. Har la'asar bai san ko Tuda ta sauka ba, bai kuma san ko gadar za ta kai gobe ba.