Layi Biyu a Shagon Kawu Mainasara

Kwana biyu na yi ina raba wa Kawu Mainasara intanet gida biyu, shi kuwa a safiya ɗaya ya haɗe min su. Har yau in na tuna sai haushi ya kama ni.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Yana da shagon kwamfuta kusa da tasha a Birnin Gwari, inda ake buga takardu, ake cike fom. Tun shekarar da aka katse sabis na watanni saboda 'yan daji ya ce ba zai sake dogara da layi ɗaya ba. Ya kafa farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, ya kuma ajiye na'urar sim. Duk da haka kwamfutocinsa tafiyar hawainiya suke yi, don duk wanda ya yi sallama ya zauna a rumfar ƙofar shago sai Kawu ya ba shi kalmar sirri kamar yadda ake miƙa wa baƙo ruwa. Shi ya sa ya kira ni daga Kaduna. Ni Raudatu, aikina ke nan.

Na zo da rauta sabuwa, akwatin nan da ke karɓar intanet ya rarraba. Tana da ƙofar shiga biyu. Na soka kebul ɗin faranti a ɗaya, na sim a ɗaya. Na yanka shagon ɓangare biyu, kowane da jerin adireshinsa, na gina katanga a tsakani. Sannan na rubuta doka: duk abin da ya fito daga ɓangaren aiki ya bi ta faranti, na rumfa ya bi ta sim. Dokar ta ƙi ni har sau huɗu, rautar tana ta tura kowa ta ƙofa ɗaya kamar tumaki, sai da na gano wata tsohuwar doka da ke zaune a samanta na goge. Ranar Laraba da la'asar komai ya zauna daram.

Wayifai biyu na buɗe. Ɗaya na sa masa suna Baƙi. Ɗayan Aiki, don laftof ɗin ɗakin ciki da kebul ba ya kaiwa. Na rubuta kalmomin sirrin biyu a takarda na ba Kawu, tunda shagonsa ne.

"Kawu, wannan mai ƙarfin na aiki ne kaɗai. Wannan kuma shi za ka riƙa ba mutane."

"Wato ɗaya ya fi ɗaya?" in ji shi.

"Nesa ba kusa ba."

Ya ce to, Allah ya yi albarka, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Na san mutumin nan tun ina goye, amma ban ji komai a tambayar ba.

Gaggawar da nake yi saboda Susan ce. Mace ce daga Kutemeshi, za ta kai shekara talatin da biyar, ita ake buga wa ƙofa in naƙuda ta kama wata a unguwarsu, alhali ba ta da takardar komai sai ta sakandare. Wata ƙungiya za ta ɗauki mata ta ba su horon ungozoma na shekara biyu, kuma sunanta ya fito. Saura intabiyu ta bidiyo, ranar Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya, minti goma sha biyar ga kowace mace. An rubuto musu ƙarara cewa wadda ta rasa lokacinta ta rasa.

Tun tara ta iso a kan babur, bayan ta biyo hanyar dajin da mutum ba ya bi sai da addu'a a baki. Ta wanke ƙafa, ta sake ɗaurin kallabi, ta fito da takardar da ta yi ta bita a kai. Na zaunar da ita a ɗakin ciki, muka gwada hoto da murya, tas kamar madubi. Na ce mata, "Yaya Susan, ki kwantar da hankalinki, wannan layin naki ne ke kaɗai." Da bakina na faɗa.

Sha ɗaya daidai mata biyu da namiji ɗaya suka bayyana a allo. Ta gaishe su, ta amsa tambayar farko, muryarta ko rawa ba ta yi. Ana cikin ta biyu fuskar mai tambayar ta daskare, baki a buɗe.

"Malama, sun tsaya," in ji Susan.

Na ruga kan kwamfutar gaba na buɗe shafin rauta. Ɓangaren Baƙi: waya biyu. Ɓangaren Aiki: talatin da huɗu. Ranar kasuwa ce, rumfa ta cika maƙil. Na leƙa, ga dattawa a kan benci, ga direbobi a tsaye, wani yana kallon wa'azi, wani ƙwallo, wani yana ta ihu wa ɗansa da ke Legas.

Na ja Kawu gefe. "Kawu, wa ya ba su na Aiki?"

"Mutum uku kawai na ba. Liman, da surukina, da wani dattijo da ya zo daga Gwaska."

"Na ce na Baƙi za ka bayar!"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ke da bakinki kika ce wancan ba shi da ƙarfi. Raudatu, a gidan wa kika ga an ci tuwo an miƙa wa baƙo ƙanzo? Baƙonka annabinka."

Liman kuma ya ba na kusa da shi, don shi ma ba zai hana ba. Haka ta zaga rumfa. Da ba kawuna ba ne, wallahi da na faɗi maganar da za a yi shekara ana sasanta mu. Na haɗiye, na koma ciki.

Abu mafi sauƙi shi ne in canza kalmar sirri kowa ya faɗo. Amma laftof ɗin Susan a kan wayifan nan yake, ita ma za ta faɗo. Wannan kuskurena ne, ba na Kawu ba, kuma sanin hakan ya ƙara min haushi. Na fara toshe wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace sai na kwafi lambarta, na danna, na jira. Na toshe bakwai, sababbi uku suka shigo. Daga rumfa ana ta kira, "Alhaji, abin naka ya ɗauke!" Daga ɗakin ciki Susan tana ta cewa, "Ina jin ku, ranku ya daɗe, ina jin ku," alhali ba ta jin kowa.

Minti tara sun tafi a wannan faman. Na shiga na sungumi laftof ɗin, na ce ta biyo ni. Muka fito gaba, na fizge kebul daga wata kwamfuta na soka masa, na kashe wayifan Aiki gaba ɗaya. Rumfa ta ɗauki salati. Hoton ya ɗauke, ya yi ta juyawa, sannan ya dawo tas. Susan tana durƙushe a gaban tebur, ga ƙarar injin hoto, ga masu babur suna hon.

Matar da ke allo ta ce, "Mun gode, Susan. Lokacinki ya cika, akwai masu jira. Za ki ji daga gare mu." Tambaya ɗaya da rabi Susan ta amsa cikin biyar.

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, ta ninke takardar bitarta. Kawu ya shigo da lemo mai sanyi, wanda ya fi kowane tsada a firjinsa, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta ce, "Na gode, Baba." Sai ta juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, ko ni na taɓa wani abu? Ban saba da na'urar ba."

Kawu nake kallo, shi ma ya ji. Na ce, "Kawu, ita ma baƙuwa ce."

Ya raka ta har bakin babur, ya tsaya yana kallo har suka sha kwanar hanyar Kutemeshi, don dole su wuce dajin kafin la'asar. Da ya dawo, mutanen rumfa suka taso masa da tambaya, ya wuce su. Ya zaro takardar daga aljihu ya ajiye a gabana.

"Canza kalmar Aikin," ya ce. "Kuma kada ki gaya min. In Liman ya tambaye ni, ina so in ce ban sani ba, ya zama gaskiya na faɗa."