Inda Hatimi Zai Sauka

"Kashe rediyon nan, Auta," in ji Baba Mai Hatimi, "kafin in tashi in kashe shi da kaina."

Kwana goma ke nan ko zama bai iya yi, amma bakin yana nan daram. Ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba ɗakin ɗinkina da ɗakinsa, har tarinsa nakan ji in na tsayar da keke. A rediyon ana ta cacar baki a kan mutum huɗu da za a zaɓi ɗaya a sa hotonsa a jikin kan sarkin manna wa wasiƙa: mai zane, marubuta biyu, da marigayiya matar Baba, wadda ta ƙarar da rayuwarta tana waƙa. Wani mai bugo waya har cewa ya yi, "Kan sarki fa aka ce, ba kan mawaƙiya ba." Da na san gidansa, da ya ji daga gare ni.

Auta, 'yarsa, ta kashe rediyon. Takardar amincewar iyali tana hannunta. Ranar Alhamis za a rufe karɓa, in Baba bai sa hannu ba a cire sunan uwarta.

"Baba, ka ji fa abin da suke faɗa. In ka ƙi, sai su ce ko mijinta bai ga ta cancanta ba."

"Su faɗa."

Ni da ba na iya ganin magana in ƙyale, na tsoma baki. "Haba Baba, har yanzu kishin ne? Kar duniya ta ga fuskarta?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tela, bakinki ya fi almakashinki kaifi."

Da numfashinsa ya dawo, sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin da biyu ya yi a gidan waya yana buga wa wasiƙu hatimi, can ya samo sunan.

"Kun san abin da ake yi wa kan sarki? A lashi bayansa, a danne shi da babban yatsa, sannan a ɗauko hatimi a rafka masa baƙar tawada a fuska. Ni a gefe nake bugawa, ko fuskar wane ne. Ma'aikatan yanzu kuwa ido na wani wuri, hannu na duka. Tana raye ban taɓa ɗaga mata yatsa ba. Sai yanzu in sa hannu a riƙa marinta sau dubu a rana?"

Kunya ta rufe ni. Auta ta ajiye takardar da samfurin hoton kusa da magungunansa, ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar Laraba ya ce a miƙo masa tabarau da abin rubutu, mu ba shi wuri. Safiyar Alhamis ya sha rabin kofin shayi, ya ce ya gode, ya juya wajen bango. Shi ke nan. Na yi kuka kamar ubana ne, don tun da na tare a layin nan shi ne mai tambayata ko na ci abinci.

Bayan an kai shi, gida cike da masu gaisuwa, Auta ta jawo ni ɗakinsa. A ƙarƙashin matashi ta sami takardar, da sa hannunsa a karkace.

"Anti, ƙarfe huɗu suke rufewa, ni kuma ba halin fita."

Na karɓi takardar da samfurin hoton, na zura takalmi.

Sai a cikin mota na buɗe samfurin hoton. Ga marigayiya tana murmushi, ɗankwalinta a ture. Can ƙasa a kusurwa, bayan kafaɗarta, Baba ya zana 'yar da'ira irin ta hatimi, ya rubuta a ciki: "A nan."